Tsarabar da Kawu Ila Ya Kawo daga Damagaram

Tun ranar da na dawo daga Damagaram ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Da na ɗora ƙafa a kan keken ɗinki sai wani ya leƙo shago ya ce, "Lawal, ashe an dawo? Yaya mutanen Faransa?" In na fara ba shi labari sai wani ya shigo a tsakiya ya ce a koma farko. Shekaranjiya garin surutu na haɗa wa wani malami hannun riga a baibai. Shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya tambaya in miƙa masa ya karanta a kan benci, ni kuma in ci gaba da aikina. Sai dai in faɗa tun yanzu, ba komai na gane ba a tafiyar nan. Na tafi kaina a ɗaure, na dawo bai gama warwarewa ba.

Ba yawon buɗe ido na je ba, jinya na raka. Kawu Ila ƙanin mahaifiyata ne, dillalin shanu a garin Babban Mutum. Duk wanda ya san shi ya san halinsa guda ɗaya: bai iya hanawa ba. In ka yaba hularsa sau biyu to ka shirya ɗaukarta. Yana da wata tsohuwar jakar fata da yake ratayawa, cike da magani. Ragowar wanda aka rubuta wa matarsa yana ciki, da wanda ya saya a kemis, da wanda abokai suka kawo masa daga kasuwanni. Duk wanda ya yi ƙorafin ciwo a majalisarsu, Kawu zai zura hannu ya ɓallo masa kafso biyu ya ce, "Sha wannan, ni ma shi na sha."

Ya fi shekara biyu yana fama da zafin fitsari. In ya taso masa sai ya sha kafso kwana biyu ko uku, da ya ji sauƙi ya mayar da sauran jaka. Bana abin ya ƙi. Ya sha kafso ja da yalo, ya sha fari, ya sha wani baƙi, har allurar da suke yi wa shanu ya sa aka ɗan tsira masa. Fitsari ya koma ɗis-ɗis, alwala ba ta tsaya masa, mutumin da bai taɓa barin sahun gaba ba ya koma salla a ɗaki. Daga nan zazzaɓi ya shigo da rawar sanyi, ga ciwo a kwiɓinsa na dama wanda ko tari ya yi sai ya dafe wurin.

Na ce masa ga asibiti nan Daura, in bai yi ba ga Katsina, ga Kano. Ya ce a Daura ko mai share tsakar asibiti ya san shi, ba zai je ya tsaya yana bayanin fitsarinsa ba. Kuma shi a wurinsa maganin Faransa ya fi namu ƙarfi, don mu nan har yau Faransa muke ce wa Nijar. Yana da mai masauki a Damagaram, Malam Isufu, wanda suka daɗe suna harkar shanu tare. Babban ɗansa ya so ya raka shi, amma ɗan fari ne, ko sunansa Kawu ba ya faɗa, balle ya bari ya riƙe masa buta a gefen hanya. Ɗan 'yar'uwa kuwa babu wannan kunyar. Haka nauyin ya faɗo kaina.

Na bar Daura da sassafe, na bi ta Zango da Baure. Na tarar da Kawu kwance a zaure ya lulluɓe da bargo, rana kuwa ta riga ta yi zafi. Na tsorata da na ga yadda ya zube. A gefensa akwai amininsa Alhaji Mati, wanda tare suka fara kiwo tun suna yara, kuma rabin abin da ke cikin jakar nan shi ya kawo. Shi ya raka mu tasha. Da mota za ta tashi ya sunkuyo ta taga ya rage murya, amma na ji.

"Ila, in ka samu mai kyau ka rago min. Ni ma abin nan ya fara taɓa ni."

"Ai ko ba ka faɗa ba," in ji Kawu.

Daga Babban Mutum zuwa iyaka ba wata tafiya ba ce, amma sau biyu muka tsaya. Kawu zai taɓa kafaɗar direba, a tsaya, in kama shi mu sauka bayan wata bishiya. Ya tsuguna ya daɗe, ya tashi yana gumi ba abin da ya fita sai ɗan kaɗan. Na ɗauka fasinjoji za su yi mita. Babu wanda ya yi, sai ma wata tsohuwa da ke cewa "Sannu, Malam" duk lokacin da muka dawo.

A kan iyaka na yi shiri sosai. Tun a Daura wani ɗan makaranta ya koya min gaisuwar Faransanci, na yi ta bita a zuci. Da muka zo gaban jami'in Nijar na miƙa katin shaida na saki gaisuwata. Ya dube ni ya ce, "Lafiya lau, yaya hanya?" da Hausar da ta fi tawa daɗi. Sai ya nuna jakar Kawu ya ce a buɗe. Ya leƙa, ya ɗago kai, ya sake leƙawa.

"Baba, kantin magani za ka buɗe a ƙasarmu?"

"A'a, ɗana, na sha ne."

"Duk wannan na mutum ɗaya?"

"Na jama'a ne," in ji Kawu.

Na ce a raina shi ke nan yau a nan za mu wuni. Kawu kuwa ya lura jami'in yana ɗan dafa ƙugu, sai ya zura hannu ya ɓallo masa kafso biyu ya ce suna maganin ciwon baya. Mutumin ya yi dariya har ya zauna. Ya mayar da su jaka ya ce mu wuce, amma in mun je mu juye wa likita jakar nan gaba ɗaya, kada mu ɓoye ko ɗaya. A lokacin ban gane amfanin hakan ba, na dai ce to.

A Magarya muka sauya mota, muka jira ta cika. Na sayi irin dogon burodin nan nasu mai taurin baya, na gutsura sai da dasashina ya yi ciwo, ashe jiƙa shi ake yi a shayi. Kawu bai iya cin komai ba sai fura da ya ɗan kurɓa. Sanyi ya sake rufe shi, ya buɗe jaka ya haɗiyi kafso biyu. Ina gani ban hana ba. Ni ma na miƙa masa ruwan.

Da la'asar muka shiga Damagaram. Malam Isufu dogo ne, siriri, mai rawani, kuma fatoma ne, wato gidansa fataken shanu ke sauka. Ya shimfiɗa tabarma har an kawo ruwa, amma da ya kama hannun Kawu ya ji zafin jikinsa sai ya ce a naɗe tabarmar. "Gaisuwa ta jira, mu tafi likita," in ji shi. Su can asibitin suke kira likita, shi kuma mai duba ka lokotoro. Ya tsayar da wata motar ɗaukar kaya ta maƙwabcinsa, muka kwantar da Kawu a baya.

Wadda muka tarar mace ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Kawu ya ja gefen rigata ya ce, "Lawal, babu namiji ne?" Ta ji shi.

"Akwai, Baba, gobe yake zuwa. Ni dai ba na so ka kai gobe a haka."

Ya saki rigata. Ta yi masa tambayoyi irin waɗanda ko ni sai da na sunkuyar da kai, ita kuwa ko a jikinta. Ta ɗan doki kwiɓinsa da gefen hannu, ya zabura. Ta danna mararsa ta ce ta cika tam. Sannan ta ce wane magani ya sha. Na tuna maganar jami'in iyaka, na juye jakar a kan teburinta. Sai da wasu suka gangara ƙasa.

Ta daɗe tana ware su. Wasu sun lalace tun bara, wasu babu ko suna a jikinsu, ga kwalbar allurar shanu da hoton saniya a jiki. Ta ɗaga ta ta dubi Kawu, ya dubi bango.

"Yaushe ya sha na ƙarshe?"

"Ɗazu a Magarya," na ce.

"Kana wurin?"

"Ni na ba shi ruwa."

Ba ta yi faɗa ba, amma irin kallon da ta yi min gara a ce faɗan ta yi. Ta ce wanda ya sha ɗin nan zai iya ɓata gwajin da za a yi, amma za a gwada a gani.

Wani ma'aikaci namiji ya shiga da Kawu ciki ya sa masa robar fitsari. Da na shiga na ga abin da ya fita a jaka sai na rasa inda duk wannan yake zaune a jikin mutum. Kawu ya yi ajiyar zuciya ya ce rabonsa da jin mararsa sakayau tun kafin damina. Aka ɗebi kaɗan a wata 'yar kwalba mai jan murfi, tukuna aka ɗaura masa ƙarin ruwa aka yi allura. An yi masa hoton ciki, likitar ta ce akwai wani ƙululu a ƙasan mafitsara da kan kumbura wa dattawa maza, shi ya matse hanya. Fitsari ba ya fita duka, ƙwayar cuta ta samu wurin zama, yanzu har ta hau ƙoda. Ta ce shi ya sa nasa ba irin zafin fitsarin da ake sha wa magani a gida ba ne.

Ni jira nake in ga an jero magunguna. Mun ƙetare iyaka, ai sai a ba mu manya. Allura ɗaya aka yi aka tafi. Na bi ta har baranda na ce, "Likita, shi ke nan?"

"Shi ke nan a yau. Wannan ma hasashe na yi, don ba zan bar shi haka ba. Fitsarin da aka ɗiba za a shuka shi, a ciyar da ƙwayar cutar ta girma, mu ga wace iri ce da abin da ke kashe ta. Zai ɗauki kwana biyu ko uku."

Na koma na zauna ina juya maganar. Abin da muka zo kashewa shi ake ciyarwa a ɗaki na gaba. Da na faɗa wa Malam Isufu ya ce shi ma bai gane ba, amma yarinyar nan ta taɓa ceto matarsa, don haka in yi haƙuri.

A gidansa nake kwana, a wani ɗaki mai warin igiya da fata, da safe in hau kabu-kabu in koma asibiti. Kabu-kabu shi ne acaɓa, bambancin kawai nasu ba sa gudu kamar an biyo su. Abinci kuwa na sa rai da wani abu daban, sai ga tuwon gero da miyar kuka, irin wanda na baro a gida. Shayinsu ne ya ba ni kunya. Aka miƙo min ɗan mitsitsin kofi mai ɗaci, na shanye na yi godiya na miƙe. Malam Isufu ya ce ina zuwa, ai saura biyu. Haka na zauna kusan awa guda ina jiran kofi biyu da ba su cika baki ba, hankalina yana asibiti. Da tsakar rana kuma gari kan mutu, a rufe shaguna sai la'asar. Na tambayi wani ko rasuwa aka yi, ya ce a'a, hutu ne.

Kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba. Ya ɗan lafa da safe, da azahar ya dawo har gadon yana kaɗawa. Kawu ya kira ni kusa.

"Lawal, yarinyar nan ba ta san aiki ba. Ta ƙwace min jaka ta bar ni da allura ɗaya. Fita ka samo min ja da yalo, kada kowa ya gani."

Ban san abin da ya kamata ba. In na ƙi, kawuna ne, kuma ina ganin yadda yake wahala. In na yi, ga kallon nan na likita. Na fita dai. A kantin magani na farko, wanda suke kira farmasi, matar ta ce ina takardar lokotoro. Na ce babu, ta ce to babu magani. Na biyu ma haka. Na ce lalle wannan ƙasa da tsari take. Ina dawowa sai ga wani mutum a ƙofar asibitin da faranti a ka, cike da kafso kala-kala, irin na tashar Daura sak. Na ɗauki kwalin na duba, adireshin ƙasarmu ne a jiki.

"Ɗauki, Alhaji," in ji shi. "Maganin Nijeriya ne, ya fi na nan ƙarfi."

Na tsaya riƙe da kwali ina jujjuya shi. Mu mun baro gida don nasu ya fi ƙarfi, su kuma suna rububin namu don ya fi nasu. Na saya na sa a aljihu. Da na koma Kawu ya miƙo hannu, sai na ji bakina ya ce ban samu ba. Wannan ce ƙarya ta farko da na taɓa yi masa, kuma har yanzu ban san daga ina ta fito ba. Ya juya min baya bai sake yi min magana ba ranar.

Rana ta uku da hantsi likitar ta zo da takarda. Ta ce ƙwayar ta fito duk da kafson Magarya. Da ta ga muna kallonta kawai, sai ta sa aka turo Kawu a keke har ƙofar ɗakin gwaji, aka nuna mana wani ɗan faranti a rufe. Cikinsa ya yi dusu-dusu kamar kunun da ya kwana, an jera wasu fararen takardu ƙanana a kai, kowace ba ta kai maɓallin riga ba.

"Wannan dusu-dusun ita ce cutar," in ji ta. "Kowace takarda akwai magani ɗaya a jikinta. Inda maganin ke aiki za ku ga fili kewaye da ita, cutar ba ta iya matsowa ba."

Muka leƙa. Guda biyu ne kawai ke da fili sosai. Sauran duk cutar ta zo har jikinsu ta kwanta. Ta nuna ɗaya daga cikin sauran ta ce ita ce allurar da ta fara yi masa, shi ya sa zazzaɓin ya ƙi sauka. Sai na ji ba zan iya ci gaba da ɓoyewa ba, na fito da kwalin nan daga aljihu na ajiye. Kawu ya dube ni, ya dubi kwalin. Likitar ta karanta sunan ta ɗora yatsa a kan wata takarda da cutar ta kusan rufewa, ta ce maganin ke nan.

Na ce, "To likita, tun da biyu sun rage, a haɗa masa su gaba ɗaya mana, a ƙara da mafi ƙarfin da kuke da shi."

"In na ƙarar da su duka yau, me zan ba shi baɗi? Ɗaya allura ce, da ita za mu fara har zazzaɓi ya sauka. Ɗayan ƙwaya ce, da ita zai ƙarasa a gida."

Ni mai takardar sakandare ina nan ina ƙoƙarin haɗa zancen, sai na ji Kawu ya yi magana a hankali.

"Kaska ce."

"Na'am, Baba?"

"Maganin kaska da muke wanke shanu. Da, in ka zuba, kafin la'asar sun zube. Sai muka riƙa tsinka shi da ruwa don ya isa garke, wani ma ya wanke rabi ya bar rabi. Yanzu ko ka zuba shi tsagwaronsa kaskar tana nan tana kallonka." Ya nuna farantin ya ce, "Ashe da hannuna na yi kiwon wannan."

Ta ce haka ne, kuma ba shi kaɗai ba, duk wanda ya sha daga jakar nan an taya shi kiwon tasa. Ta ce masa ba tsoratarwa take yi ba, amma in ya yi wasa da waɗannan biyun, cutar ta saba da su ta sake hawa ƙoda ko ta shiga jini, ba ta san abin da za ta ba shi ba. Na dubi Kawu. Na ga yana kallon farantin har aka mayar da shi ciki.

Kwana biyu da sauya allura zazzaɓi ya tafi. Ya ci tuwo, ya fara tsokanar maƙwabcin gadonsa, har ya yi cinikin wani bijimi ta waya. Aka ba shi wani magani daban na sassauta hanyar fitsari, daga baya aka cire robar, ya shiga bayi ya fito yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Ranar da za a sallame mu ta ba shi ƙwayoyin kwana tara, ƙanana farare, da wasiƙar da zai kai asibiti a gida don a ci gaba da duba ƙululun nan. Na tambaya ko mu sayi ƙari tun da ba a samu a wajenmu. Ta ce ana samu a Daura, gwajin ma ana yi a manyan asibitocinmu. Na dubi Kawu, ya ce kada in fara.

"Baba, nan da kwana biyu za ka ji kamar ba ka taɓa ciwo ba," in ji ta. "Kada ka tsaya. Kada ka ajiye don wata rana, kuma kada ka ba kowa ko guda. Adadinka ne daidai, babu na kyauta a ciki."

Ta miƙo masa jakarsa babu komai a ciki. Ya karɓa ya jujjuya ta. Sai ya ce yana da roƙo ɗaya, a ba shi irin 'yar kwalbar nan mai jan murfi, sabuwa a ledarta. Ta yi mamaki amma ta sa aka kawo. Na tambaye shi me zai yi da ita, ya ce in kula da kaya.

Dawowa ba mu tsaya ko sau ɗaya ba. Malam Isufu ya cika jakar da alkaki da busasshen cukun nono, ya ƙara da kilishi a takarda. A iyaka wani jami'in daban muka tarar, ya leƙa jaka ya ga alkaki ya ce mu wuce. Na so a ce na farkon ne, da ya ga abin da jakar ta koma.

A Babban Mutum zaure ya cika da 'yan sannu da zuwa. Aka raba tsaraba, kowa ya samu, Kawu yana ta ba da labarin shayi uku a kaina. Alhaji Mati yana zaune a gefe. Na lura sau biyu ya tashi ya zaga ya daɗe, ya dawo yana share goshi. Bayan la'asar jama'a suka watse, saura mu uku.

"To Ila, ina nawa?"

Kawu ya sa hannu a aljihu. Na ji ƙarar takardar maganin. Ba hurumina ba ne in sa baki tsakanin dattawa biyu, kuma na san hannun nan, bai taɓa shiga aljihu ya fito ya koma da abu ba. Ya fito da ƙwayoyin ya riƙe a tafin hannu.

"Biyu ma sun isa," in ji Alhaji Mati. "Kai ai ka warke."

Kawu ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya mayar da su aljihu.

"Mati, tun muna bin shanu ban taɓa hana ka komai ba. Yau zan hana ka."

"Ni?"

"In na ba ka biyu, ni ban warke ba, kai ba ka warke ba. Kuma ban san ko irin tawa ce da kai ba. Na ga abin da idona a faranti." Ya zura hannu a jaka ya fito da 'yar kwalbar nan a ledarta. "Ga tsarabarka. Kada ka buɗe sai a asibiti, su za su gaya maka yadda ake yi."

Alhaji Mati ya karɓa ya ɗaga ta ya ga babu komai a ciki. Fuskarsa ta canza. Ya miƙe ya sa takalmi ya fita ko sallama babu. Kawu ya bi ƙofa da kallo, na ga idonsa ya cika.

"Lawal, na yi daidai?"

Na ce masa ina jin ya yi. Gaskiya a lokacin tausayinsu duka biyu ne ya cika ni, ban san wanda na fi ji wa ba. Lokacin shan maganinsa ya yi, na kawo ruwa. Ya haɗiye ƙwayar ya miƙo min kofin.

Na dawo Daura washegari. Kullum ina kiran Kawu in tambaye shi ko ya sha, ya ce ya sha, ya koma sahun gaba ma. In na tambayi labarin Alhaji Mati sai ya ce bai zo majalisa ba, ya sauya zance. Ranar da ya sha ta ƙarshe shi ya kira ni da kansa ya ce takarda ta ƙare babu saura. Muryarsa ba ta yi daɗin da na zata ba.

Ranar Laraba da ta wuce ina cikin yankan yadi aka yi sallama. Alhaji Mati ne, ya rame, yana dafe da kwiɓi. Na ba shi benci ya ƙi zama. Ya sa hannu a aljihu ya ɗan nuna min kwalbar nan mai jan murfi, har yanzu a ledarta.

"Kai ka raka Ila, kai ka san yadda ake yi," in ji shi. "Babban ɗana ya so ya kawo ni, to ka san ɗan fari."

Na ce masa ni ma ba duka na gane ba, amma na san ƙofar da ake shiga. Na rufe shago.

"Ka kira min Ila tukuna," ya ce. "Ka gaya masa na zo da tsarabar."